Yara sun haddace Monday zuwa Sunday amma sun kasa amfani da su, ina mafita?

MalamarAjiUku ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da Turanci a aji 3 na firamare. Yara 68 ne a ajin, kusan dukkansu Hausa zalla ake yi a gidajensu, kuma darasin minti 35 ne a kowace rana. Mun iso kan ranakun mako da abubuwan da mutum ya saba yi a kowace rana, kuma a nan abin ya tsaya mini.

Idan na ce su karanto ranakun, za su rero su daga Monday har Sunday babu tuntuɓe. Amma da na nuna yaro ɗaya na ce "What day is it today?" sai ya yi shiru, ko ya fara ƙirga da yatsu daga Monday har ya iso. Idan kuwa na ce "What day comes before Friday?" babu mai ɗaga hannu. Tuesday da Thursday duk ɗaya suke a wurinsu, a baki da a rubuce. A littattafansu ina ganin Wensday, Tusday, Satuday, kuma yawanci da ƙaramin baƙi suke farawa. Da muka shiga jimla sai na fara samun "I am go to school in Monday" da "Today Monday".

Ta ina zan fara gyara? Da Sunday ya kamata a fara mako ko da Monday? Ba mu da wuta balle na'ura, allo ne da alli sai abin da na iya haɗawa da hannuna. Na gode.

TsohonHedimasta ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Abin da ya faru shi ne waƙar ta ɗaure ranakun da juna, kowace rana ba ta fitowa sai wadda ke gabanta ta jawo ta. Kamar yaron da ya haddace sura ne, in kika tsayar da shi a tsakiya sai ya koma farko. Saboda haka aikinki na farko shi ne tsinka igiyar nan, kowace rana ta tsaya da ƙafarta. Ni dai shawarata ki dakatar da waƙar tsawon mako guda.

Ki samu kwalin taliya ko na sabulu ki yanka gida 7, kowanne girman bangon littafin rubutu. Ki rubuta sunan rana ɗaya a kan kowanne da maka mai kauri, tsayin kowane baƙi ya kai tsawon yatsa don na bencin baya su gani. A bayan kwalin ki rubuta sunan ranar da Hausa. Kada ki sa lamba a jiki, don lambar za ta mayar da su ga ƙirga.

Kada ki fito da bakwai ɗin rana ɗaya. Ki bi makon kansa. Ran Litinin ki kawo Monday, ki haɗa da Friday da Sunday, don su ne masu sauƙi kuma babu yaron da bai san abin da ake yi Juma'a da Lahadi ba. Ran Talata ki ƙara Tuesday da Saturday. Ran Laraba Wednesday kaɗai, don rubutunta na cin lokaci. Ran Alhamis Thursday kaɗai. Sai ran Juma'a ki fara gwama Tuesday da Thursday wuri ɗaya. Dalili shi ne, kalmomi biyu masu kama idan suka shiga kan yaro a zama ɗaya, tare suke zauna, kuma raba su daga baya ya fi wuya. Idan Tuesday ta kwana biyu ta zauna kafin Thursday ta zo, ruɗanin yana raguwa sosai.

Kowace rana kuma ki ba ta abin riƙewa daga rayuwar yaran. Muna da gata a nan, don sunayen rana suna cikin ajinki: Ladi da Ɗanladi na Lahadi, Altine na Litinin, Talatu ta Talata, Bala da Balaraba na Laraba, Lami da Ɗanlami na Alhamis, Jummai da Ɗanjuma na Juma'a, Asabe da Ɗan'asabe na Asabar. Ki miƙa wa Lami kwalin Thursday, Talatu ta riƙe Tuesday, su zama masu ranar har ƙarshen zango. Yaron da ya manta zai waiwaya ya ga Lami ya tuna. In babu mai sunan a aji, kusan kowane yaro yana da goggo ko kawu mai shi. Ranar kasuwa ma tana aiki: yaron Wudil ya san Juma'a ce, na Maigatari ya san Alhamis, na Mai'aduwa ya san Lahadi. Ki yi amfani da kasuwar da ke kusa da ku.

Ga yadda zan raba minti 35 ɗin. Minti 5 na farko bita: ki ɗaga kwali a hargitse, su faɗa, ki juya bayan kwalin su ga Hausar, su faɗi Turancin. Minti 10 sabuwar rana, furuci da rubutu. Minti 12 wasa. Minti 8 na ƙarshe rubutu a littafi. Wasan da ya fi dacewa da aji mai yawa shi ne ki fito da yara 7, ki raba musu kwalaye a hargitse, su jera kansu ba tare da kin sa baki ba, sauran aji su duba ko daidai ne. Daga nan kowa ya rufe ido, ki zaunar da ɗaya, ki ce "Which day is missing?" Idan sun saba, ki zaunar da biyu.

Ki lura da amsar taro. Idan yara 68 suka amsa tare, goma ne suka sani, sauran bin baki suke yi. Ki yi tambaya, ki ƙirga biyar a zuci, sannan ki kira suna. Idan kika kira suna kafin tambaya, sauran sun daina tunani ke nan. Wani lokaci ki sa benci guda ya amsa, wani lokaci layi guda.

Batun before da after kuwa, jerin da ake rubutawa daga sama zuwa ƙasa ne ke kawo matsala, don yaro in ya kai Sunday yana ganin abu ya ƙare, bai san me ke biyo baya ba. Ki yi faifai. Ki yanka kwali zagaye mai faɗin kamar tsawon rula da rabi, ki raba shi gida 7 ki rubuta ranakun. Ki yanka ƙarami ki ɗora a tsakiya, ki zana masa kibiya 3 da ke nuna gidaje uku a jere: yesterday, today, tomorrow. Ki huda tsakiya ki sa ƙusa da murfin kwalba don ya riƙa juyawa, ki rataye gefen allo. Kullum da safe yaro ɗaya ya juya shi ya faɗi jimla uku: "Today is Tuesday. Yesterday was Monday. Tomorrow is Wednesday." Minti 3 ke nan, amma a yi shi kowace rana har ƙarshen shekara. Wannan shi zai kashe "Today Monday" ma. Yaran ba su yi laifi ba, a Hausa "Yau Litinin" cikakkiyar magana ce. Ki rubuta is da was da alli mai launi har idonsu ya saba.

Da faifai tambayarki ta Sunday ko Monday ta faɗi da kanta, don zagaye ba shi da farko. Sunayenmu na Hausa daga ƙirgan Larabci suka zo, Lahadi ɗaya har Alhamis biyar, wato Lahadi ce farko. Kalandu kuma wasu da Sunday suke farawa wasu da Monday, jadawalin makaranta kuwa da Monday. Ki bi abin da littafin ajinku ya bi saboda jarrabawar ƙarshen zango, amma ke kada ki riƙa tambayar "first day of the week" a gwajinki.

MalamarFuruci ta rubuta:

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, sai dai dakatar da waƙa gaba ɗaya. Yara suna son ta, kuma tana da amfani wajen tsari. Abin da za a hana shi ne farawa daga Monday kullum. A fara daga ranar da ake ciki a zagayo, gobe a fara daga ta gobe, wani lokaci a yi ta da baya. Yin ta da baya shi ne ainihin atisayen before.

Malama, bari in tsaya kan furuci, don rabin ruɗanin Tuesday da Thursday a kunne yake. Sautin th babu shi a Hausa, sai yaro ya musanya shi da s ko t. In ya sa t, Thursday ta koma kusa da Tuesday, shi ke nan. Amma yaranki da yawa sun san sautin ba su sani ba: shi ne na harafin Larabci mai ɗigo uku, ث, wanda malamin tajwidi ke cewa a fito da kan harshe tsakanin haƙora. Ki tuna musu da shi, ki ce da shi ake fara Thursday. Su juya su kalli bakin juna bibbiyu. In ba a ga kan harshe ba, ba a yi daidai ba. Ita kuma Tuesday, ki koyar da ita da sautin c namu, kamar "cuuz" sannan day. Furuci ne karɓaɓɓe a Turancin Ingila, kuma yana nisanta ta da Thursday. A Tuesday leɓe yana tsukewa ya yi gaba, a Thursday yana sake. Kafin ki nemi su furta, ki fara gwada kunnensu: ki manna kwalin Tuesday a bangon dama, Thursday a hagu, ki faɗi ɗaya su nuna da hannu. Ki yi sau 10 a hargitse, ki maimaita ɗaya sau biyu ko uku a jere don kada su gane salon. Wanda kunnensa bai raba su ba, bakinsa ba zai raba ba.

Friday tana da matsala biyu. F ɗinmu da leɓe biyu ake yinsa, shi ya sa yake zamewa ya koma p, a wasu yankuna kuma h. Na Turanci haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ta biyu, Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a manne, sai yaro ya cusa wasali ya ce "Firai". Maganin duka biyun ɗaya ne: su ɗora haƙori a leɓe su ja fff mai tsawo, sannan su zarce "rai" ba tare da sun tsaya ba. P ba ya jawuwa, don haka duk wanda ya iya jan sautin, f yake yi.

Monday kuma kada ki bari o ɗin ya yaudare su. Wasalinta ɗaya ne da na Sunday, kusa da gajeren a namu. Ki riƙa faɗinsu tare. Saboda wannan ne ban cika son a ce musu Monday daga moon ta fito ba, ko da yake gaskiya ne. Yana ja su ga furucin da ba shi ba. Tarihin sunayen gaba ɗaya ba aikin aji 3 ba ne.

Ki yi amfani da tafi. Duk ranakun tafi biyu ne, Saturday kaɗai ce uku. Wednesday ma biyu ce, d na farko ba a furta shi, e na biyu ma haka. To a nan sai ki raba musu abu biyu a fili: akwai yadda ake faɗa, akwai yadda ake rubutawa. Lokacin rubutu su ce Wed, nes, day a hankali suna rubutawa. Lokacin magana tafi biyu. Wensday da kike gani alama ce kunnensu lafiya lau yake, abin da suka ji suka rubuta, kamar yadda ake yi a Hausa. Sai a nuna musu Turanci ba haka yake ba.

Don sauƙaƙa rubutu, ki nuna musu cewa day iri ɗaya ce a duka bakwai. Abin haddacewa kawunan ne kawai: Mon, Tues, Wednes, Thurs, Fri, Satur, Sun. Uku daga ciki baƙi uku-uku ne, ba su da wuya. Huɗu ne aikin. Thursday da Saturday duk suna da ur, kuma r ɗin ne ke faɗuwa don ba a jinsa sosai. Tuesday tana da ue, e ɗin ke faɗuwa. Ki ja layi ƙarƙashin waɗannan wuraren. Ƙirga baƙaƙe yana taimaka wa yaro ya kama kansa: Wednesday 9, Thursday da Saturday 8, Tuesday 7, sauran ukun 6. Ki zana gajerun layuka a allo daidai yawan baƙaƙen su cike. In layi ya rage, ya san ya tsallake wani abu.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: kada ki rubuta furucin da rubutun Hausa a allo. Duk abin da ya hau allo yara kwafa suke yi, kuma shi za ki tarar a jarrabawa. Furuci a baki ya tsaya. Babban baƙi kuwa, ki tuna musu suna ne kamar sunan mutum, kuma a Hausa ma Litinin da babban baƙi muke rubuta ta.

MalamarAjiUku ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, Baba da 'yar'uwa. Zan fara da kwalaye da faifan ran Litinin in sha Allah. Saura batun jimla. Wannan "I am go" da "in Monday" ta yaya zan cire su? Kuma yaushe ya dace in shigo da he da she?

MaiKoyarDaManya ya rubuta:

Malama, sannu da ƙoƙari. Kada ki shiga jimlolin ayyukan mako sai kin ga akalla kashi uku cikin huɗu na aji suna iya faɗin rana a hargitse ba ƙirga. In kika haɗa biyun, yaro yana fama da tuno Thursday kuma yana fama da ginin jimla, duka biyun sai su zube.

"I am go" tushensa biyu ne. Tun aji 1 an sa su maimaita "I am a boy", "I am a girl" har I da am suka manne musu kamar kalma ɗaya. Na biyu kuma daga Hausa ne: muna cewa "ina zuwa makaranta" ga abin da ake yi yanzu, muna kuma cewa "kullum ina zuwa makaranta" ga abin da aka saba. Turanci ya raba su. Don haka idan za ki bayyana ma'ana da Hausa, kada ki yi amfani da "ina". Ki ce "nakan je", "yakan je", "takan je". Ki gaya musu duk inda za a ce nakan, to babu am. "Nakan wanke kayana ran Lahadi" shi ne "I wash my clothes on Sunday". Kuma kada ki taɓa darasin ing (irin "I am going") a cikin waɗannan makonni, ko da littafi ya kawo su kusa da juna.

On kuma yana da abokin tafiya a Hausa: ran. Duk inda muka ce ran Juma'a, on Friday ne. Suna sa in ne saboda an koya musu "a" na nufin in, sai su ɗauko shi ko'ina. Ki daina nuna musu rana tsirara a wannan mataki. Ki yi ƙaramin kwali mai on ki liƙa gaban kowace rana, su furta su a numfashi ɗaya. Bayan mako guda sai ki kawo every, ki nuna musu in every ta shigo on tana fita: every Friday, ba on every Friday ba. Haka next da last, amma su ki bar su sai gaba.

Kada ki ba su jerin aikatau su kaɗai. Ki ba su guntayen magana 6 kawai, waɗanda da gaske suke yi: go to school, go to the mosque, go to the market, wash my clothes, play football, help my mother. In akwai yara Kirista a aji ki ƙara go to church. Kin ga school da church ba su ɗauki the ba, market da mosque sun ɗauka. Kada ki yi bayanin dalili yanzu, su haddace su a dunƙule. Kowane guntu ki haɗa masa motsin jiki, wanki a cuɗa hannu, ƙwallo a harba ƙafa. Ki ɗaga kwalin rana ki yi motsi, su haɗa jimla.

Daga nan kowa ya zana jadawali mai gida 7 a littafinsa, ya sa abu ɗaya a kowace rana, da kalma ko da zane. Sai a zauna bibbiyu. Tambayar farko ta zama "When do you wash your clothes?" don amsarta gajera ce, "On Sunday". Tambayar "What do you do on Friday?" ki jinkirta ta, do biyun nan suna ruɗa mai koyo, yakan yar da ɗaya. In ta zo, a koye ta a dunƙule da tafi. A aji mai yara 68 za a yi hayaniya, ki ƙayyade minti 4, ki zagaya layi biyu yau, biyu gobe. Ki fara gwada abin da yaro ɗaya a gaban aji, sannan yara biyu su yi, kafin ki saki kowa. In ba haka ba za su koma Hausa.

He da she su zo mako guda bayan I ta zauna, kuma hanyar shigowarsu ita ce wannan hirar: yaro ya tashi ya ba da labarin abokinsa. Bambance he da she ba ya wahalar da Bahaushe, muna da ya da ta. Abin da ke wahala shi ne s na ƙarshe, don yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Ki fara da masu sauƙi a baki: goes, plays, prays. Sannan cooks da reads. Sannan washes, wadda take ƙara gaɓa guda. Helps da fasts su zo ƙarshe. Jimlar "My mother fasts on Mondays and Thursdays" tana da kyau ƙwarai, don azumin Litinin da Alhamis sananne ne ga yaran, amma baƙaƙe uku a jere a ƙarshen fasts sun yi wa mafari nauyi. Ki rubuta S babba a kwali ki riƙe. In yaro ya manta, ki ɗaga kawai ba tare da kin yi magana ba, ya gyara da kansa. Da kin kai ga korewa za ki ji "He doesn't goes". Ki ɗauki kwalin S ɗin a gabansu ki cire shi daga goes ki kai shi kan does, su ga guda ɗaya ne, ba ya zama wuri biyu.

Akwai abubuwa biyu da littattafai ba sa faɗa, kuma suna kawo kuskuren da ya wuce na nahawu. Na farko dare. A wurinmu dare yana gaban rana, daren Juma'a shi ne daren da in gari ya waye Juma'a ce. A Turanci wannan daren Thursday night ne, Friday night kuwa shi ne wanda muke kira daren Asabar. Manya masu koyo suna saɓa alƙawari saboda wannan. Ki zana rana da wata a kowane gida na jadawali, rana a sama wata a ƙasa, ki nuna musu a Turanci dare yana bin ranar da ta wuce ne. Na biyu weekend. Kada ki fassara ta da ranakun hutu kawai, don yaron makarantar allo ya san hutunsa Alhamis da Juma'a ne, kuma masu Islamiyya da yawa Asabar da Lahadi suna aji. Ki ce musu kai tsaye weekend ita ce Saturday da Sunday, ko mutum yana hutawa ko ba ya hutawa. Wannan ma yana ba da jimloli masu kyau: "I don't go to Islamiyya on Thursday."

Za su tambaye ki shekaranjiya da jibi. Akwai the day before yesterday da the day after tomorrow, amma sun yi tsawo ga aji 3. Gata da citta kuwa Turanci ba shi da kalma guda da ta tsaya musu. Ki koya musu su ambaci sunan ranar kawai.

MalaminKwaleji ya rubuta:

Gaisuwa daga Maraɗi. Ga ƙari ga waɗanda ɗalibansu suka fara da Faransanci, kamar namu a Nijar da ke soma Turanci a ajin farko na kwaleji. Su matsalarsu ta ɗan bambanta. Suna ganin M a Monday sai su kai ta mardi (Talata), alhali lundi (Litinin) ce, don haka Monday da Tuesday ne ke cakuɗe musu kafin ma a zo Thursday. Faransanci ba ya fara sunan rana da babban baƙi, shi ya sa wannan kuskure ya fi daɗewa a hannunsu. Kuma saboda ana cewa le lundi ga abin da aka saba, sai su ce "the Monday I go to school". A bayan kwalayen gara a sa Hausa maimakon Faransanci, don "ran Litinin" ta fi kusa da on Monday, kuma ɗalibi ba zai bi ta harshe biyu kafin ya iso ba. Dabarar ث da MalamarFuruci ta kawo tana aiki a nan ma, don Faransanci ba shi da th.

TsohonHedimasta ya rubuta:

Haka ne, Malam. Malama, saura gwaji. Kada ki ce su rubuta ranakun mako a jere, wannan waƙar kawai zai auna. Ki yi tambaya 10. Huɗu na farko shifta a hargitse: Thursday, Saturday, Tuesday, Wednesday. Uku na before da after, ɗaya daga ciki ta tsallake daga Sunday zuwa Monday. Uku na ƙarshe jimla daga jadawalin yaron kansa, biyu da I, ɗaya da he ko she. Wajen maki ki raba: ɗaya na ranar daidai, ɗaya na rubutu da babban baƙi, don ki gane ko bai san ranar ba ne ko rubutun ne ya kayar da shi. Na baki kuma ki riƙa kiran yara 5 kullum lokacin da sauran ke rubutu, tambaya biyu kowanne, ki sa alama a gefen rajista. Cikin mako uku kin zagaye ajin. Waɗanda har yanzu ke ƙirga da yatsu ki dawo da su bencin gaba, su ne za su riƙa juya faifan a makon da ke biye.